Yadda Za Ka Mallaki Babur ɗin Sholay Ba Ka Sayar da Gona Ba

Duk wanda ya kalli Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, ya yi sha'awar babur ɗin nan mai kujera a gefe da Amitabh da Dharmendra suka hau. To, albishirinka: yanzu ana sauke zanen irin waɗannan ababen hawa daga intanet, a buga, a yanka, a harhaɗa. Har motar James Bond ta fim ɗin Goldfinger na 1964, wato Aston Martin, tana nan. Ba mai, ba bakanike.

Fara da zuwa shagon kwamfuta, wajen Jami'ar Tarayya ta Dutse ba a rasa su. Ka ce a buga maka a takarda mai kauri. Ta yau da kullum da ta sha gam sai ta langaɓe kamar lalo.

Sai wurin zama, kuma nan ne maganar take. Kada ka kuskura ka baje aikinka a tsakar gida da hunturu. Iska ɗaya za ta taso, in jirgi kake haɗawa, fiffikensa ya tashi tun ba a haɗa shi da gangar jiki ba, ya rigayi alhazan da ke tashi daga filin jirgin Dutse. Ka kuma ɗaure akuya. Ita ba ruwanta da James Bond, kwali abinci ne. Reza a hannunka, almakashi a hannun yaro. In gam ya ƙare, jiƙa ƙaro. Jigawa ba ta sayen wannan a waje.

Taya takan ba mutane wahala, don takarda ba ta son lanƙwasa. A nan sai ka tuno da sana'ar yarinta. Mu da muka tashi muna feƙe kara bayan girbin dawa, muna soka siraran ɓawonsa cikin totuwa har mota ta tsaya da ƙafafunta, mun san maganin: tsohon silifas a yanka shi zagaye, tsinken tsintsiya ya ratsa tsakiya. Wallahi sai ta yi gudu.

In an gama, ba a jinginar da motar a saman firji. Ɗaura mata zare ka miƙa wa yaro ya ja ta a layi, ko da za ta dawo ba ƙofa.

Iyaye, don Allah, bana in an yi girbi a ajiye wa yara damin kara ɗaya, a zauna da su a nuna musu yadda ake yi.