Mawashin Aljihu a Wurin Fiɗa

Mawashin aljihu ɗan ƙaramin abin wasa wuƙa ne da mafarauci ke ɗauka domin fiɗa a dawa. Iri uku aka fi gani: mai sandar ƙarfe da aka manna wa garin lu'ulu'u, mai sandar tangaran, da mai tsaga wanda ake zura bakin wuƙa a ciki a ja. Na ukun ya fi sauri, amma cin ƙarfe gare shi. Wuƙar da maƙeri ya ƙera da sifirin mota, in aka dage mata da shi, ba ta daɗewa take ramewa. Da yawansu tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, kuma mutum zai yini da shi a aljihu bai san yana nan ba.

Dalilin ɗaukarsa a fili yake. Farauta aikin rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da gashin dabba ke cike da ƙura da yashi. Yashin nan ne ke fara dakushe kaifi, ƙashi ya ƙarasa. Nama kuwa ba ya jiran kowa: in ba a fid da kayan ciki da wuri ba, tumbi ya kumbura, zafi ya shiga, wari ya biyo. Shari'a ma ta nemi a yi yanka da wuƙa mai kaifi, an kuma ƙi a wasa ta a kan idon dabba, saboda haka babban washi a gida ake yinsa. Aikin na aljihu gyaran baki ne kawai a tsakiyar fiɗa: a kwantar da wuƙa wajen digiri 20 a kowane gefe, a shafa a hankali, ban da dannawa. Tsofaffin mafarauta sukan yi wannan da dutsen rafi da ɗan yawu, su ƙarasa a bayan kube.

Aibinsa shi ne rashin nauyin nan da ake yabo, domin hannun mai fiɗa jini ne da maiƙo. An ga misalin haka kwanan nan a wata farauta, ba kuma a gandun da aka hana ba irin su Yankari ko Falgore, a lura. Karnuka sun kama gada, an yanka, sai wani ma'aikacin ofis da ya biyo ayari daga birni ya roƙi a bar masa fiɗa. Sunansa ba shi da amfani a nan. Ya tsaga fata, wuƙa ta fara gardama, sai ya zaro mawashinsa ya ɗaga sama, ya faɗi ƙasar da aka ƙera shi, ya faɗi kuɗinsa ba tare da kowa ya tambaya ba. Sannan ya riƙe shi da yatsu biyu ya danna wuƙa a kai.

Tsul! Mawashi ya suɓuce kamar ƙwallon goruba a bakin yaro. Ya yi sama, ya juya a iska, rana ta haska shi, idon kowa na biye, ya sauka daidai kan wani guntun kitse da aka jefar gefe. A gefen nan kuwa akwai wani jan kare mai yankakken kunne da ya zauna tun ɗazu yana jiran rabonsa. Bai shinshina ba, bai tauna ba. Ya miƙa wuya, ya ɗaga kai, maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya. Waɗanda ke kusa sun tabbatar an ga saukar abin ta wuya, kulli guda, har ya shige. Ɗan birni yana durƙushe, yatsunsa biyu na nan a haɗe riƙe da iska, bakinsa bai gama faɗin ragin da aka yi masa ba. Kare ya lashe baki, ya dube shi, ya kaɗa wutsiya, da alama yana neman ƙari.

Shawarwari ba su yi ƙaranci ba. Wani dattijo da bai taɓa ganin mawashin ba sai ran nan ya ce, "Ai yaro, irin wannan igiya ake ɗaura masa." Wani ya ce a nuna wa karen wani kitsen, in ya buɗe baki a leƙa. Wani ya miƙo ƙafa, ya ce, "Malam, ga diddigena, kaushin nan ya fi naka na Turawa, kuma kare ba ya haɗiye shi." Dattijon ya sake nazari, ya shafa gemu, ya ce, "To tunda dutsen yana ciki, ka gwada goga wuƙar a haƙarƙarin karen mana, ko Allah zai sa a dace." Bai yi murmushi ba. Mai karen dai magana ɗaya ya yi: in karensa ya mutu, ya san wanda zai biya. Kafin a gama, wani yaro ya tofa yawu a dutse, ya wasa wuƙar, ya feɗe gadar tas.

Game da tsabtace mawashi, masu ƙera shi sun ce ruwa da sabulu sun isa. Washegari yaron mai karen ya kawo shi a kan ganye, yana riƙe da hanci, kuma har yanzu a majalisa ba a daidaita ba ko wanki bakwai ya wadatar.