Albasa, Aidin da Kumfa: Makon Farko a Ɗakin Gwajin Bayoloji

Ɗalibin da ya shigo jami'a da niyyar zama likita, ranar farko a ɗakin gwajin bayoloji albasa za a miƙa masa. Akwai dalili. A cikin kowane ɓari na albasa akwai wata fata siririya wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta guda ba, haske kuma yana ratsa ta ba wahala, ga ta da araha ko daga Aliero aka ɗauko ta ko daga Galmi. Mutumin da wata rana za a damƙa wa cikin ɗan Adam ya yi masa tiyata, yau aikinsa ya ɓare wannan fata da matsefata ya shimfiɗa ta a kan gilashi ba tare da ta naɗe ba. A karon farko naɗewa take yi.

Amma kafin albasa akwai ƙofa, a bakin ƙofar kuma akwai jami'in da ke kula da ɗakin, wanda ɗalibai ke kira Baba ko da bai kai hamsin ba. Shi ƙafa yake fara dubawa. Mai silifas zai koma ɗaki ya sako rufaffen takalmi, domin ƙasan ɗakin gwaji wuri ne da fasasshen gilashi da ɗigon asid ke sauka. Farar riga kuma sakawa ake yi a ɓalle maɓallanta, wadda aka rataya a kafaɗa kafaɗar kawai take karewa. Mai hijabi ta tusa bakinsa cikin rigar kafin a kunna wuta. Ba a ci, ba a sha. Gyaɗa da madara da dankalin da za ka tarar a kan teburi samfur ne, an ƙidaya su.

Sai madubin ƙara girma, maikuroskof. Da hannu biyu ake ɗaukarsa, ɗaya a wuyansa, ɗaya a ƙarƙashinsa, kuma ba a goge gilasansa da gefen riga, akwai takarda mai laushi da aka tanada don haka. Gilashin da kake sa ido a kai yawanci sau 10 yake ƙara girman abu. A ƙasa akwai wasu da ake juyawa: na 4, na 10, na 40, da na 100 wanda sai da ɗigon mai yake aiki, shi kuwa ba na sabon shiga ba ne. Lissafin ninkawa ne, 10 sau 40 ya ba ka 400.

Kowane sabon ɗalibi na 40 yake so ya fara da shi, tunda ya fi girma a cikin waɗanda aka yarje masa. A nan ake asara. Idan na 40 ya daidaita, tsakaninsa da samfur bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya kafa ido a sama yana murɗa babban mamurɗi yana neman hoto, zai ji wata 'yar ƙara, ƙas. Duk ɗakin zai ji. Baba ma zai ji, ko yana ɗaya ofishin. Saboda haka da mafi ƙanƙanta ake farawa, a samo hoton, a kawo shi tsakiya, sannan a hau sama mataki-mataki, kuma daga na 40 ƙaramin mamurɗi kaɗai ake taɓawa. Ka kuma sani hoton a juye yake zuwa. In ka tura gilashi hagu, abin da kake kallo dama zai yi. Ɗalibai da yawa sun ɓata rabin awa suna bin abin da su da kansu suke kora.

Yanzu maganar kumfa, wadda ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Bayan ka shimfiɗa fatar albasa a cikin ɗigon ruwa ka sa aidin, za ka rufe ta da wani ɗan murfin gilashi mai rauni. In ka sake shi daga sama ya faɗa a kwance, iska za ta maƙale a ƙarƙashinsa. A cikin madubi wannan iskar tana fitowa kewayayya tsaf, bakinta baƙi ƙirin mai kauri, tsakiyarta fari tas. Ta fi komai kyau a filin, ta fi komai fitowa sarai. Ɗalibi zai ganta ya yi hamdala, ya kira abokan rukuninsa su bi layi su gani, ya zana ta da kyau, ya ja layi ya rubuta bangon ƙwaya, ya ja wani ya rubuta cibiya. Sai malami ya zo ya leƙa na daƙiƙa biyu.

"Wannan fa?"

"Ƙwayar albasa ce, Malam."

"Iska ce. Sake."

Maganinta shi ne a kafa gefe ɗaya na murfin a bakin ɗigon ruwan, a karkace, a tokare shi da allura, a sauke shi a hankali har ruwa ya kori iskar. Idan aka yi haka ainihin ƙwayoyin za su bayyana a jere kamar bulo a jikin katanga, kowace da ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa a ciki, wanda shi ne cibiyar. Wasu baƙaƙen layuka masu motsi duk sanda ka ƙifta ido kuwa gashin idonka ne. Shi ma an sha zana shi.

Zanen bayoloji yana da dokokinsa, kuma gwanin zane ya fi kowa shan wahala da su. Fensir mai tsini ake amfani da shi, ba biro ba. Ba a yin inuwa, ba a shafa launi, layi guda ake ja mai tsabta. Layukan suna da rula ake jan su, ba sa gittawa juna, a sa take, a rubuta yawan ƙarin girma. Doka mafi nauyi ita ce a zana abin da ido ya gani. Ɗalibin da ya haddace hoton ƙwayar tsiro a littafin sakandare yakan cika zanensa da korayen ƙwayoyin nan da ganye ke sarrafa hasken rana da su. Kan albasa a cikin ƙasa yake girma, fatarsa ba ta da su. Malamin da ya ga su a takardarka ya san littafi ka kalla, madubin kuwa ka tsaya kusa da shi ne kawai. Ina ganin wannan darasi ya fi duk sunayen Latin da za a haddace a zangon, domin mai gwajin jini a asibiti da zai rubuta abin da ya saba gani a madadin abin da ke gabansa, ran mutum yake wasa da shi.

Bayan albasa sai kai kanka. Za a ba ka tsinke mai tsabta ka kankari cikin kumatunka a hankali, ka shafa a gilashi, ka ɗiga shuɗin rini. Ƙwayoyinka ba su da bango kamar na albasa, don haka ba su da tsari, a warwatse suke. Kada ka ji kunya. Antoni fan Lewenhuk, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, a shekarar 1683 ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba a madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi, ya kuma rubuta wa manyan masana na Landan wasiƙa yana faɗa musu. Tsinken ka jefa shi inda Baba ya nuna, kuma ba a aron na wani.

Gwajin abinci ba ya cin lokaci. Aidin ya taɓa sitaci, ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ruwan Benedik shuɗi ne, in aka dafa shi da sukari irin na gulukos sai ya bi ta kore da rawaya ya tsaya a ja irin na jan bulo. Lokacin dafawa bakin kwalbar gwaji bango yake kallo, domin ruwan yakan yi tsalle, abokin zamanka kuma yana buƙatar fuskarsa. Idan naka ya tsaya shuɗi alhali na teburin kusa ya yi ja, ka rubuta cewa ya tsaya shuɗi, sannan ka nemi dalili. Sau da yawa sukarin shayi aka ba ka, shi kuwa ba ya juya ruwan Benedik sai an fara dafa shi da asid, an kuma kashe kaifin asid ɗin.

Kafin fita a wanke gilasai, a mayar da madubi kan na 4, mafi ƙanƙanta, a rufe shi, a sa hannu a rajista. Nan gaba kaɗan za a zo kan kyankyaso, kuma a wasu wurare ana cewa kowa ya zo da nasa. Cikakke ake so, da ƙafafunsa shida da dogayen zaren kansa biyu, saboda haka ba a kama shi da takalmi.