Takarda zuwa ga Hajiya Manhajar Haɗa Bidiyo

Zuwa ga Hajiya Manhajar Haɗa Bidiyo,
mazauniyar tsohuwar kwamfutata,
kusa da bakin tasha, Birnin Konni.



Ina fatan zafin bazarar nan bai dafa ki ba, ko da yake tun safe nake jin fankar kwamfutar tana nishi kamar tirelar da ta taso daga Malbaza da lodin siminti. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuke kwana ku tashi a teburi guda. To, na gaji ne da yi miki magana da baki. Na yi lallashi, na yi faɗa, har rantsuwa na yi cewa zan goge ki, amsarki ɗaya ce: ɗan zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo.

Maganar bikin Galmi ce ta kawo ni. Kin tuna aikin, ai kwana huɗu muka yi a kansa. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya aurar da ɗiyarsa zuwa Badagishiri, ya ce a ɗauko masa komai, daga ɗaurin aure har saukar amarya. Na ɗauka, na kawo miki, muka yanka, muka jera, muka sa kiɗa. Kika yi rabin dare kina dafa aikin, da asuba kika rubuta mini cewa an kammala lafiya. Lafiya! Na zuba a kile, abin da 'yan tsallaken iyaka ke kira filash, na hau kabu-kabu zuwa tasha ina jin kaina kamar wani darakta.

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an fito da talabijin, mata sun cika, yara sun hau katanga. Ɗaurin aure ya wuce sumul. Da aka zo wajen fitowar amarya, sai ga yarinya tana tafiya kamar mai shaƙuwa, ta yi taku biyu, ta zabura, ta yi taku biyu, ta zabura. Motocin rakiya suna gudu suna in'ina. A guntun daren kamu kuma, makaɗi ya ɗaga hannu, kafin ya sauke an riga an ji ƙarar gangar. Kakar amarya ta dafa ƙirji ta ce, “A'uzu billahi, wa ya yi wa jikata baki?” Alhaji bai ɗaga murya ba, ya dai kalle ni ya ce, “Mai hoto, ɗiyata ba ta ɗingishi.” Na ce, “Haka ne, Baba Alhaji, ranka ya daɗe.” Ya ce cikon kuɗina, jaka talatin, yana nan a aljihunsa sai ranar da amarya ta warke.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na dawo na zauna bincike. Farkon wanda na zarga shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 a garin nan, ƙurar hunturu kuma ta toshe hancin kwamfuta, kuma gaskiya ne inji idan ya yi zafi yakan rage gudu don kada ya ƙone. Na buɗe, na hure, na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa. Kallon gwaji da nake yi a cikinki ya ɗan sake, amma fim ɗin da kika fitar yana nan da shaƙuwarsa. Na zargi kile, na saya sabo. Na zargi talabijin ɗin Alhaji. Har wuta na zarga, tunda mu nan mun saba ɗora mata kowane laifi, balle tun da muka ga abin da ya faru a Agustan 2023 lokacin da aka katse wadda ke zuwa daga Najeriya. Duk na wanke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya warware mini zare ƙaramin gwaji ne. Na kunna fim ɗin a waya, na kunna a kwamfutar maƙwabcina, na kunna a talabijin. Duk inda na kai shi, a wuri ɗaya amarya take zabura, a kan taku ɗaya. Da a ce na'urar kallo ce ta gaza, ai yau za ta maƙale a nan, gobe a can, wata na'urar ma ta wuce lafiya. Cutar da ke bin mutum kowane gari a jikinsa take. Sai na buɗe fim ɗin a manhajar kallo ta VLC, na tsayar, na riƙa danna harafin E yana matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Nan na kama ki, Hajiya. Ƙafar amarya tana sama, tana sama, tana sama, sai kawai ga ta a ƙasa. Hoton tsakiya babu. An sace.

Bari in faɗa miki abin da kika sani kika ɓoye. Bidiyo ba wani abu ba ne illa hotuna a jere da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kyamarata tana ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa, lissafin ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50, irin Faransa da Ingila da Nijar da Najeriya. Wayar yaron shagona kuwa, wadda ya ɗauki fitowar amarya da ita, 30 take ɗauka, gadon Amurka inda wuta ke bugawa sau 60. Ko talatin ɗin ma a talabijin ɗinsu ba cikakke ba ne, tun 1953 da suka shigo da mai launi ya koma 29.97. Ni kuma na buɗe aikin a kan 25. Da na zubo miki hotunan waya, me kika yi? Kika rasa inda za ki cusa 30 a gurbin 25, sai kika riƙa zare ɗaya daga kowane shida kina jefarwa. Biyar a daƙiƙa, 300 a minti. Minti arba'in yaron ya ɗauka, ke nan hoto 12,000 kika haɗiye ba ko gyaran murya. Ko dillalin albasa mafi son kai ba ya cire buhu ɗaya cikin shida, kuma in zai cire la'adarsa yakan faɗa a gaban shaidu.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin a Konni kike zaune. Garin nan ko yaro mai tallan ruwa ya san naira daban, sefa daban. Daga nan zuwa Illelar Sakkwato tafiyar 'yan mintoci ce a babur, kuɗi biyu ne ke yawo a aljihun kowa, amma ba wanda zai karɓi dubun naira ya lissafa ta a matsayin jaka guda don kawai sifilinsu ya zo ɗaya. Sai an je wajen 'yan canji, an ji farashin yau, an yi ciniki. Ke kuwa aka miƙo miki kuɗin ƙasa biyu, kika zuba a aljihu guda, kika ce lissafi ya cika.

Ba a nan ta tsaya ba. Akwai guntun da ƙawar amarya ta turo mini, na daren kamu, wanda ta ɗauka a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya. Wannan ko 30 ɗin ba ta riƙe ba. Waya idan haske ya yi mata kaɗan takan sassauta, ta ɗauki 30 yanzu, an jima ta sauka ƙasa da haka, in an fito fili ta koma. Ita wayar ta san abinta, tana rubuta lokacin kowane hoto, shi ya sa a cikinta yake tafiya daidai. Ke da kika karɓa kika yi masa awo da mudu ɗaya, sauti ya yi gaba, hoto ya biyo baya yana haki. Daga nan ne gangar ta riga hannun makaɗi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na yarda ni ne ban duba ba. Akwai ɗan shiri, MediaInfo, da ke faɗin asalin kowane guntu kamar katin ɗan ƙasa: hoto nawa a daƙiƙa, tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Kyauta ne, ban taɓa buɗe shi ba sai da jaka talatin ta maƙale. Kuma na tuna maigidana da ya koya mini montaj, wato haɗa bidiyo, zamanin ƙananan kaset, yana yi mini kashedi a kan wata cutar mai kama da wannan. Hotunan lokacin rabi-rabi ake saƙa su, layukan sama da na ƙasa, in aka juya wanda ya kamata ya riga fitowa sai duk abin da ya motsa ya riƙa karkarwa kamar mai masassara. Na ɗauka labarin tsofaffi ne.

Ga yadda amarya ta warke, don ki san ba da taimakonki ba ne. Na ƙirga na ga hotunan kyamara sun fi yawa, na bar aikin a kan 25. Guntun ƙawar amarya na kai shi canji wajen manhajar HandBrake, ta mayar da shi tsayayye, sauti ya koma bakin mai shi. Na fitowar amarya kuwa, tunda kiɗa ne a kansa ba magana ba, na sa aka karanta 30 ɗin a matsayin 25, ba a zubar da ko ɗaya ba, tafiyar ta ɗan lafa. Wallahi har ya fi kyau, yarinya tana taku kamar ɗiyar sarki. Wajen fitarwa na kauce wa tsarin matse bidiyo na H.265, da ke sa tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi tuntuɓe, na zaɓi H.264, na rage nauyin don kile ya iya ɗauka. Yaron shago kuma na kafa masa doka: wayar da ba a saita ta daidai da kyamara ba, ta zauna a aljihu.

Alhaji ya biya, ya ƙara mini da rabin buhun albasa. Kakar amarya dai har yau ta tsaya a kan cewa rubutun da ta sa aka yi ne ya yi aiki, ni kuma ban ga dalilin jayayya da tsohuwa ba.

Saura ke. Kina da bakin tambayata ko ina son sabon salon rubutu mai walƙiya, kina da bakin tuna mini cewa kuɗin wata ya ƙare, kina da bakin tallar furanni da zukata masu yawo a allo. Ranar Asabar ina da bikin suna a Tsarnawa, kuma na ji an ce dangin uwar jariri kowa da wayarsa zai zo. Don girman Allah, idan na zubo miki 30 a kan 25, ki tsayar da ni ki ce, “Malam, kuɗin nan ba na ƙasa ɗaya ba ne.” Iyakar roƙona ke nan.

Naki, ko ana so ko ba a so,
Mai ɗaukar hoton biki,
Birnin Konni.