Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Jiran Alama

Sarkin Jira, ranka ya daɗe, ina gajiya? Kodayake gajiyar me za a tambayi mutumin da ya shekara uku a zaune yana jiran sama ta tsage a kira sunansa da lasifika. Yaya matarmu da yara? A yi mata sannu da haƙuri, don zama da kai kaɗai ya isa a rubuta mata lada.

Labari ya iso mini cewa takardar neman shiga makarantar tauhidi ta Kagoro da ka karɓo tana nan ƙarƙashin matashinka, ta sha man kai har ta koma kalar ƙosai. Ka cike suna, ka cike garin haihuwa, da ka iso inda aka ce ka bayyana yadda ka ji kiran Ubangiji sai biro ya ƙafe. Shekara uku, ɗan kawu, duk faɗin Zariya an rasa biro!

Kada ka ce sharri nake maka, ina da shaidu. Ba kai ne ka ce wa Allah in dai yana son ka zama fasto to a yi ruwa kafin Alhamis ba? A watan Agusta fa! Da ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai ka murje ido ka ce ai ruwan Agusta ba alama ba ne. Ka dawo ka rufe ido ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka dangwala yatsa, yatsan ya faɗa a farkon Tarihi na Ɗaya, inda babu komai sai jerin sunaye, wane ya haifi wane. Ka kwana kana nazari ko nufin a ƙara haihuwa ne. Matarmu ta ce in ka sake dangwala yatsa a wurin, gidansu za ta tafi.

Kullum hujjarka Gidiyon ce, wai shi ma ya nemi alama. Gaskiya ne, yana nan a Littafin Mahukunta sura 6. Amma sau biyu ya shimfiɗa ulun a masussuka, daga nan ya tashi, aka zaftare masa sojoji daga 32,000 zuwa 300, ya kuma tafi yaƙin a haka. Kai da a ce ulun gaske kake shimfiɗawa, da tumakin unguwarku duk sun koma tsirara. Musa ma ya yi ta kawo uzuri a gaban kurmin da ke cin wuta, har da na nauyin baki, aka haɗa shi da Haruna, ya kama hanyar Masar yana da shekara 80. Kai kuwa nauyin baki ba ya cikin ciwonka, duk wanda ya taɓa yin cinikin kujera da kai ya sani. Ko Yunusa da ya gudu ya fi ka ƙoƙari, don ya sauka Yafa ya zaro kuɗinsa ya biya jirgin Tarshish. Da kai ne, a bakin jirgin za a bar ka kana neman ragi.

To, na sassauta, sha ruwa. Ban manta daren da muka zauna kan katako a bayan shagonka muna ɓarar gyaɗa ba, ka yi ƙasa da murya ka faɗa mini abin da ke cin ka. Ka ce tsoro biyu ne. In ka tafi, kana tsoron a tura ka wani ƙauye inda albashin mai bishara ba zai biya kuɗin makarantar yara uku ba. In ka zauna, kana tsoron zama bawan nan na Matiyu sura 25 wanda ya tona rami ya binne talantinsa. Ban yi maka dariya a ranar ba, yau ma a kan wannan ba zan yi ba. Kuɗin makaranta ba wasa ba ne, ni ma ina biya, ina ji a jikina. Sai dai ka sake duba bawan nan. Da bakinsa ya ce tsoro ne ya sa shi tona ramin. Da ya kai kuɗin wurin masu juya su ma, da an bar shi. Ka ga ashe ramin naka matashi ne.

Abin da na lura shi ne kana ɗaukar kira kamar jarrabawar da amsa ɗaya ce tak, in ka kuskure shi ke nan Allah ya tattara takardu ya tafi. Ka tuna ikkilisiyar da kake sujada a cikinta yadda ta faro. A 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Bingham ya koma gida. Ya dawo a 1900, ciwo ya sake korarsa. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Pategi a 1902, daga wannan aikin ne ECWA ta fito a 1954. Da irin lissafinka ya yi, tun zazzaɓin farko zai ce ga alama nan, ba a kira ni ba, a miƙo mini matashi.

Manzo Bulus kansa bai fita da taswira a aljihu ba. A Ayyukan Manzanni sura 16 ya so ya shiga Bitiniya, Ruhu ya hana shi, ya gangara Taruwasa, a can ne ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Yana cikin tafiya aka juya shi. Kai da kake da tsohon babur ka fi kowa sani, sai yana tafiya kan yake juyuwa da sauƙi. Naka ma sai an tura yake tashi, kamar mai shi.

Yanzu bari in faɗi abin da ba na son faɗa, don kanka zai ƙara girma, ga shi dama hula ba ta shigarsa. Wa ya ce maka kira sai a kan bagadi? Bencin da na zauna a kai ranar Lahadi, aikin hannunka ne, shekara nawa bai ko yi ƙara ba. Ƙofar gwauruwar nan ta bayan coci da iska ta cire, da daddare ka je da guduma da ƙusa ka mayar, don kada a gan ka a ce kana aiki kyauta sunanka na marowaci ya ɓaci. Yaron nan maraya da ya zo shagonka bai san kan zarto ba, na gan ka ka dafa hannunsa kuna yanka tare, kana ce masa ya auna sau biyu kafin ya yanka. Yau shi ke ciyar da ƙannensa, kuma ba ya buɗe shago sai ya yi addu'a, don haka ya ga kana yi. A Fitowa sura 31, Bezalel da aka cika da Ruhun Allah, aikin itace da dutse da zinariya aka cika shi ya yi. Ubangijinmu ma mutanen garinsu da masassaƙi suka san shi, sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara wa'azi.

Ban ce kada ka tafi Kagoro ba. Wataƙila can ɗin ne, wa ya sani, ko jakar Bal'amu an taɓa buɗe mata baki. Na ce ka daina tambayar gajimare, ka tambayi mutane. A Antakiya, ikkilisiya ce tana sujada da azumi aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu. Ka je wurin fasto da dattawa ka ce su faɗa maka baiwar da suke gani a jikinka, ban da ta cin tuwo. Ka karɓi ajin matasa na makarantar Lahadi wata uku. In za a fita bishara ƙauye bayan girbi, ka bi su ka kwana a tabarma ka ji ko zuciyarka za ta kwanta ko sauro ne kawai zai ƙaru da kai. Ka zauna da matarmu ku yi lissafin kuɗin makaranta a fili, don kiran da zai ɗauke ka ita ma zai ɗauke ta. Sai an gwada akan san na ƙwarai, zomo kuma ba ya kamuwa daga zaune.

In ka gwada ka ga can ne, ni zan saya maka biro, har guda biyu, in raka ka tasha ina kuka don na rasa kafintan bashi. In ka ga shagon ne, ka ciro takardar nan ka ba wani saurayi ya nemo sabuwa, ka ɗaura aniyar yin kafintanci saboda Almasihu ba tare da sunkuyar da kai ba.

Kafin nan, akwai kira guda da ba ya bukatar azumi ko ulu. Teburina yana shagonka tun Ista da ƙafa uku. Na kira ka sau uku kamar yaro Sama'ila, ba ka ɗauka ba. Wannan karon ka amsa, ka kuma taho da kuɗin sharata, don na san za ka ce ni ne zan ba ka, kuma ƙarya kake.

Naka, ɗan gwaggonka, wanda ba ka da yadda za ka yi da shi.