Barka da Zuwa, Tumatirin Gwangwani

Ranka ya daɗe tumatirin gwangwani, matafiyin da bai san gajiya ba! A gonakin Shinjiyang na ƙasar Sin aka tsinko ka, aka dafe ka har ka yi kauri, aka ɗura ka a ganguna. Ka yi makonni a kan teku, ka sauka Apapa, aka zuba ka a gwangwani da 'yan ledoji, sannan ka hau tirela ka yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Kano. Duk don miyarmu ta yi ja. Wa ya kai ka zumunci?

Ina za a haɗa ka da tumatirin Kadawa, ɗan ƙauyen da ruwan madatsar Tiga kawai ya sha? Shi bai san ta-ido ba. Da rani sai ya nuna gaba ɗaya, ya cika Kwanar Gafan, farashin kwando ya faɗi warwas, dillali ya taya abin da ya ga dama. Manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa cikin hunturu ya rasa ko kuɗin taki, ya juye wahalarsa a bakin titi. To, wa ya aike shi? Tumatirin da ya dace da mota kuwa, a jibga kwando kan kwando a nufi kasuwar Mile 12 ta Legas. Kullum kuna kiciɓis a hanya: shi yana gangarawa kudu ruwansa na ɗiga, kai kana haurowa arewa ko ƙwarzane babu.

Shugabanninmu ma sun cancanci jinjina, don sun iya karrama baƙo. A Afirka Masar ce kaɗai ta fi mu noman tumatir, amma aka daure aka bar kusan rabin namu yana ruɓewa don kada ka rasa masauki. Masana'antar Ɗangote ta Kadawa da aka buɗe a 2016 za ta iya markaɗa tan 1,200 a rana. A shekarar tsutsa ta cinye gonaki, tun daga nan yau a buɗe, gobe a rufe. A 2017 an ɗaga harajin shigo da kai zuwa kashi 50 cikin ɗari, amma har gobe kana rataye a kowane shago. Ɗakin sanyi a bakin gona? Ai wannan cin fuska ne gare ka.

Idan damina ta sauka ɗanye ya yi tsada, matar manomin Kadawa ma kai take aiken yaro ya sayo mata, da kuɗin da mijinta ya ranto.