Yadda Za Ka Raba Shafinka da Hular Aro

Ka gama fassara shafinka na intanet zuwa Hausa, ka yi hamdala, har ka fara tura wa abokai adireshin. To ɗan dakata, Malam, ɗaga ido sama. Cikin shafin Hausa ce tsantsa, amma kansa da gindinsa suna nan suna zuba Turanci. Shafin ya sha babbar riga mai aikin hannu, hula da takalmi kuwa na aro ne.

Dalilin a fili yake. Idan da Elementor ka gina shafinka a kan WordPress, kan shafi da gindinsa da shafin nan mai lamba 404 da ke tarar wanda ya ɓata hanya, duk ba sa cikin rubutun da ka fassara. Samfura ne masu zaman kansu, a ɗakinsu daban. Manhajar fassara irin WPML kuwa ba ta duba ƙasa balle ta san abin da ke ranka. Shiga saitinta ka tabbatar samfuran suna cikin abin da za a fassara, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da su ma ya kamata ka fara, domin kuskure ɗaya a kan shafi zai raka baƙonka duk lungun da ya shiga, har ya yi masa sallama a ƙofa.

In ka ga gyara, kada zumuɗi ya sa ka buɗe kwafin Hausa a Elementor ka yi ta jan akwatuna. Ranar da aka sabunta fassarar daga na asali, aikin naka zai tafi ba ko sai an jima. Gyara na asalin, ka dawo ka sabunta fassarar. Alamomi irin %s da duk abin da ke cikin baka mai kusurwa kuma, ka gaishe su daga nesa ka wuce. Na inji ne, ba sa jin Hausa, ba sa jin Turanci.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Mai zane ya zaɓo salon haruffa mai kyan gani, amma wanda ya ƙera salon bai taɓa jin labarin ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai manhajar buɗe shafi ta aro su daga wani salon, su fito a karkace, ko kuma ɗan akwati ya zauna a gurbinsu. Wasu sai su huce haushi a kan lanƙwasar, su cire ta gaba ɗaya. Haba! Harshen da miliyoyin mutane ke karantawa ba zai sauke ƙugiyarsa don a faranta wa salon rubutu ba. Canza salon, Noto Sans na Google yana da su duka. Gwada shi da manyan baƙaƙe da kuma rubutu mai kauri, don a kanun labari ne asiri ya fi tonuwa. Idan kana da masu karatu a Maraɗi ko Damagaram, duba ƴ ma, domin da ita ake rubutu a Nijar inda Najeriya ke sa 'y.

Maganar tuta a wurin zaɓen harshe, ka bar ta kawai. Tutar wa za ka liƙa wa Hausa? Ka sa ta Najeriya, mutumin Tawa ya harare ka. Ka sa ta Nijar, Bakano ya kira taro. Ɗan zangon Kumasi kuma yana gefe yana jiran tasa. Rubuta sunan kowane harshe yadda masu shi ke rubuta shi, kowa zai gane ƙofarsa.

Sauran aikin na waya ne, don da ita baƙinka za su zo. Maɓallin da aka auna wa kalma ɗaya ta Turanci ba lallai ya ɗauki kalmomi uku na Hausa ba, Faransanci ma yakan yi masa yawa. In akwai Larabci, shafin zai juya daga dama zuwa hagu, sai ka tabbatar kibiyoyi sun juya tare da shi. Danna kowane maɓalli ka ga ko zai jefa ka shafin Turanci. Cika fom ɗin tuntuɓa da kanka, ka karanta saƙon godiyar da zai fito, don can ne Turanci ya fi son laɓewa. Sannan ka share ma'ajiyar wucin gadi ta shafin, ka ari wayar maƙwabcinka ka sake dubawa daga farko, ka kuma sa masa data kafin ka mayar.