Shaidar da Aka Samu a Kan Gawa

Ranka ya daɗe, jiya a zaman makokin tsohon nan da ya yi shekara talatin yana buɗe maka ƙofa, na ji kana faɗa wa baƙi irin amanarsa, har muryarka ta yi rawa. A hanyar gida sai wani labari na nesa ya faɗo mini a rai. Ka ara mini kunne.

Can tsakiyar tekun Fasifik, a tsibiran Hawai, akwai wani tsiro mai yaɗo da mutanen wurin ke kira iye'iye. A dazuzzuka masu yawan ruwan sama yake fitowa, ya kama jikin bishiyar ohiya ya yi ta hawa har ya kai inda rana take. Ganyensa dogo ne siriri, cunkushe a bakin reshe, kuma yana sako saiwoyi daga sama kamar yadda ceɗiya ke yi. Waɗannan saiwoyi su ne arzikinsa. Masaƙa kan yanko su, su jiƙa, su tsaga, su saƙa kwanduna da tarkon kifi. Da su ne kuma ake saƙa ƙashin kwalkwalin sarakuna, wanda suke kira mahiyole, kafin a lulluɓe shi da gashin tsuntsaye ja da rawaya. A shekarar 1779 Sarki Kalani'opu'u ya ba Kyaftin Kuk na Ingila irin wannan kwalkwali haɗe da alkyabbar gashi. Kayan sun yi ta yawo hannu zuwa hannu har Niyu Zilan, sai a 2016 suka dawo Honolulu. Mutane suka yi dafifi zuwa kallo. Gashin ne ido ke fara gani, amma saiwar da ke ƙarƙashi ita ta riƙe siffar kwalkwalin shekara sama da ɗari biyu.

Iye'iye yana da larura irin ta dabino: furen namiji daban, na mace daban, dole sai an sami mai kai garin wannan wurin wancan. Ladan da yake biya shi ne wasu ganyaye masu tsoka da zaƙi, launin ruwan goro, da ke kewaye furen. Tsuntsu zai cusa kai ya ci, garin ya manne masa a gashin goshi, ya tashi zuwa wani furen.

Cikin masu wannan aiki akwai wani ɗan tsuntsu da ake kira o'u, kore, namijin da rawayan kai, bakinsa a lanƙwashe kamar na aku. A da ya cika dazuzzukan manyan tsibiran, har ba a ɗauke shi bakin komai ba. Akwai kuma hankakan Hawai, wanda suke kira alala.

Sai jiragen ruwa suka fara zuwa. Wajen 1826 sauro ya shigo tsibiran da ba su taɓa saninsa ba, daga baya ya zama mai yaɗa zazzaɓin tsuntsaye. Ɓeraye suka hau bishiyoyi suna cinye furen iye'iye da 'ya'yansa. Aka sare daji don shanu da rake. Tsuntsayen da suka tsira su ne waɗanda suka tare a kan duwatsu, inda sanyi ke hana sauro sakat. Shi kuwa o'u ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Yakan bi abinci sama da ƙasa, duk inda ya nuna, kuma masana na ganin wannan kai da komo ne ya riƙa jefa shi cikin sauro. Wato hanyar aikinsa ita ce hanyar ciwonsa. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa mini zuciya.

Bai ƙare rana ɗaya ba. Ya yi ta raguwa shekara da shekaru, tsibiri bayan tsibiri, a gaban idon kowa. A 1989 aka yi masa ganin ƙarshe a tsibirin Kawai.

Abin da ya rufe idon mutane shi ne iye'iye bai daina 'ya'ya ba. A 1929 an kawo wani ƙaramin tsuntsu daga Japan mai farin zobe a ido, mejiro, don ya ci ƙwari. Ya hayayyafa ya cika tsibiran, ya kuma gano zaƙin furen, ya karɓi aikin. Tun da aiki bai tsaya ba, ba a damu da tambayar ina mai yinsa na fari ba.

Sai wani masanin tsirrai, Paul Cox, ya tsaya ya yi tunani: baƙon da ya zo a 1929 ba zai zama shi ya raini tsiron da ya daɗe a dajin ba. To wa ke yi kafinsa? A daji babu mai ba shi amsa, don haka ya nufi gidan adana kayan tarihi, inda aka jera gawarwakin tsuntsayen da aka harbo tun da daɗewa, an cusa musu auduga, kowanne da 'yar takarda ɗaure a ƙafa. Ya duba gashin kansu da na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ga garin furen iye'iye nan manne a goshin o'u, ga shi a goshin hankaka. A 1983 ya wallafa abin da ya gani. Nan ne duniya ta tabbatar da hidimar da o'u ya yi, lokacin da kusan babu sauran o'u da zai amfana da shaidar.

Hankakan bai ƙare ba tukuna. Tun 2002 aka daina ganin na daji, amma akwai waɗanda aka killace ana kiwo. Mutanen da ke kula da su ba su jira ranar yabo ba. Kullum suna kai musu abinci, suna duba lafiyarsu, suna ƙirga ƙwai, suna ƙoƙarin mayar da su daji.

Jiya da zan fito, ranka ya daɗe, na bi ta ƙofar baya. Na tarar da Inna mai tuwo a bakin murhu tana tuƙa abincin 'yan makoki. Tana ta tari, ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da muciya.